Sauya tagar baya ta roba a rufin mota mai naɗewa

Sauya tagar baya ta roba wani aiki ne da ake yi wa motoci masu rufin yadi, wato motocin da ake iya naɗe rufinsu a kwantar da shi a bayan kujeru, a bar saman motar a buɗe. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci, musamman waɗanda aka ƙera kafin farkon shekarun 2000, tagarsu ta baya ba ta gilashi ba ce. Wata farar roba ce mai laushi da ake gani ta cikinta, wadda take lanƙwasuwa tare da yadin idan an sauke rufin. Robar kan riga yadin tsufa: ta dusashe, ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tauri, daga ƙarshe ta tsage, alhali sauran rufin bai gaji ba. Aikin sauyawar shi ne a cire tsohuwar robar a sa sabuwa ba tare da an jefar da rufin gaba ɗaya ba. Yiwuwar hakan ta dogara ne a kan yadda kamfani ya haɗa tagar da rufin tun farko, da kuma ƙarfin da ya rage wa yadin da ke kewaye da ita.

Suna

Hausa ba ta tsayar da kalma guda ɗaya ga wannan nau'in mota ba, sai dai a siffanta ta, a ce mota mai buɗaɗɗen sama ko mota mai rufin tampol. A Jamhuriyar Nijar masu jin Faransanci kan kira ta da sunanta na Faransanci, décapotable, domin capote ake ce wa rufin. Kalmar cabriolet, wadda ake gani a jikin motocin Jamus da na Faransa, asalinta sunan wani ƙaramin keken doki ne mai ƙafa biyu, kuma ta fito ne daga wani fi'ilin Faransanci mai ma'anar yin tsalle-tsalle. A Ingilishi ma ba a haɗu a kan suna ɗaya ba: abin da mutumin Ingila yake kira hood shi ne rufin yadin, amma a bakin Ba'amurke hood murfin inji ne. Wannan bambanci kan rikita mai odar kaya daga waje.

Ita kanta tagar, makanikai a ƙasar Hausa gilashi suke ce wa kowace tagar mota, ko da ba ta gilashi ba ce. Kalmar roba kuwa ta haɗa abubuwa biyu da wasu harsuna suke rabawa, wato robar taya da robar bokiti. Leda ta fi dacewa da abu siriri irin na ƙunsa kaya. A wannan maƙala, tagar roba tana nufin faifan roba mai kaurin kusan milimita ɗaya da ake gani ta cikinsa.

Tarihi

Motocin farko yawancinsu a buɗe suke, da rufin yadi irin na keken doki da labulayen gefe da ake maƙalawa idan ruwa ya sauko. Ƙananan tagogin da ke jikin waɗannan labulaye da seluloyid ake yin su, abu ne mai saurin rawaya da saurin kama wuta. A shekarar 1926 Waldo Semon, masanin sinadarai a kamfanin B.F. Goodrich da ke Akron a jihar Ohio ta Amurka, ya gano yadda ake tausasa robar PVC ta zama mai lanƙwasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan roba ta maye gurbin seluloyid, ta kuma ba masu ƙera motoci damar faɗaɗa tagar baya sosai.

Ƙananan motocin tsere na Ingila da Italiya sun yi shekaru da dama a kan wannan tsari. MGB, wadda aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, da Alfa Romeo Spider, duk tagar roba gare su. Mercedes-Benz SL samfurin R107 na 1971 zuwa 1989 da magajinsa R129 na 1989 zuwa 2001 suna da tagogin roba guda uku, babba a tsakiya da ƙanana biyu a kusurwa. Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Volkswagen Beetle mai buɗaɗɗen sama, wadda kamfanin Karmann ya riƙa haɗawa a Osnabrück daga 1949 zuwa 1980, ƙaramin gilashi aka sa mata a cikin rufi mai kauri, shi ya sa rufin nata yake taruwa tuli guda a bayan motar idan an sauke shi.

Zuwan Mazda MX-5 a 1989 ya farfaɗo da kasuwar ƙananan motoci masu kujeru biyu, kuma waɗanda suka biyo bayanta a shekarun 1990, irin su Fiat Barchetta, MGF, BMW Z3, Porsche Boxster da Honda S2000, duka da tagar roba suka fara fitowa. Dalilin a fili yake: roba ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma tana naɗuwa ta shiga ɗan ƙaramin gurbi. Amma cikin 'yan shekaru kamfanonin suka juya mata baya ɗaya bayan ɗaya. MX-5 ta koma gilashi mai wayoyin ɗumi a samfurinta na biyu a 1998, S2000 a samfurin 2002, Boxster a samfurin 2003, ita kuma Z4 da ta gaji Z3 a 2002 da gilashi ta zo. Saboda haka mafi yawan motocin da ake yi wa wannan aiki a yau sun haura shekara ashirin.

Abin da ake yin tagar da shi

PVC zalla abu ne mai tauri, shi ne ake yin bututun ruwa da shi. Ana samun laushinsa ne ta hanyar gauraya shi da wani sinadari mai kama da mai, wanda yake shiga tsakanin dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin robar ya sa su riƙa zamewa a kan juna. Wannan man tausasawa bai haɗe da robar haɗuwar dindindin ba, yana zaune ne kawai a cikinta, kuma wannan shi ne tushen yawancin matsalolin tagar. Ana ƙara wasu sinadaran da suke kare ta daga zafi da hasken rana.

Ana auna kaurin faifan da lambobi irin na Amurka. Lamba 40 tana nufin kashi 40 cikin 1000 na inci, kusan milimita ɗaya ke nan, kuma ita aka fi sa wa tagar bayan mota. Lamba 30 da lamba 20 sun fi siranta, an fi amfani da su a labulen jirgin ruwa da tanti. Akwai kuma bambanci tsakanin robar da ake sayarwa a naɗe a kan sanda, wadda ake yanka da yadi-yadi, da wadda ake matsewa tsakanin goggun farantan ƙarfe ta fito faifai-faifai. Ta biyun ta fi tsada, amma ta fi haske, kuma ba ta karkatar da hoton abin da ke bayan mota kamar yadda ta farkon take yi. Wasu ana rina su da ɗan kore ko toka-toka domin su dace da sauran gilasan motar.

Shi kuwa yadin rufin iri biyu ne. Akwai na roba mai shafi a kan zane, wanda ya fi araha, akwai kuma mai hawa uku: saƙar zaren akirilik a waje, roba mai hana ruwa a tsakiya, da wata saƙar a ciki. Kamfanin Haartz da ke Acton a jihar Massachusetts yana cikin manyan masu yin irin wannan yadi, da sunaye irin su Stayfast da Sonnenland. Mai hawa ukun yana da juriya ƙwarai, shi ya sa ake yawan ganin rufi lafiyayye ɗauke da matacciyar taga.

Yadda take lalacewa

Lalacewar takan zo ta fuska uku, kuma kowace tana taimaka wa 'yar'uwarta. Ta farko ita ce tafiyar man tausasawa. Zafi yana tura shi zuwa saman robar a hankali, iska da sabulu mai ƙarfi su kwashe shi. Idan ya ragu robar takan ɗan tsuke, ta yi tauri, ta zama mai gautsi. Wani lokaci fuskarta takan yi danƙo ta riƙa kama ƙura.

Ta biyu hasken rana ne. Hasken ultrabayolet da zafi suna sa sarƙoƙin PVC su riƙa sakin iskar haidurojin kulorayid, abin da ya rage a wurin kuma ya soma shanye wani ɓangare na haske. Daga nan ne launin yake tasowa, ya fara da rawaya, ya koma ruwan ƙasa, har a ga wasu tabo kamar an ƙona wurin. Wannan canji a cikin jikin robar yake, ba a samanta ba, don haka babu gogewar da za ta fitar da shi.

Ta uku ita ce naɗewa. Duk lokacin da aka sauke rufin, tagar tana karyewa a wuri guda, fuskokinta biyu kuma suna gugar juna tare da duk ƙurar da ke kansu. Ta haka take samun kari a tsakiya da ƙananan karce masu yawa, waɗanda suke watsa hasken fitilar motar baya da dare har direba ya kasa gane komai a madubi. Sanyi yana ƙara tsananta lamarin, domin robar da ta yi sanyi ba ta lanƙwasuwa. Tsohuwar taga da aka naɗe da safiyar hunturu tana iya tsagewa daga wannan gefe zuwa wancan a lokaci guda. Littafin jagora na MX-5 ya hana ɗaga rufin ko sauke shi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salshiyas. Masu tsohuwar Boxster kuwa sun saba da tsayar da rufin a rabin hanya, su fito su danna tsakiyar tagar da gefen hannu domin ta karye daidai kafin su ƙarasa saukewa.

Tsagewar ba batun kyan gani kaɗai ba ce. Ruwan da ya shiga ta nan yana gangarawa bayan kujeru ya jiƙa kafet, ya kawo fumfuna da tsatsa. A Boxster ta farko akwatin lantarkin da ke kula da makulli da ƙararrawa yana ƙarƙashin kujerar hagu, inda ruwa yake taruwa, kuma kuɗin sauya shi kan fi na tagar nesa ba kusa ba.

Yadda ake haɗa tagar da rufi

Kafin a taɓa komai, mai gyara yakan duba yadda aka riƙe tagar, domin shi ne zai nuna yawan aikin. A wasu motocin zif ne ya kewaye ta. A wasu an ɗinke ta kai tsaye a jikin yadin. A wasu kuma walda aka yi mata, ba irin ta ƙarfe ba: ana matse robar da yadin tsakanin ƙarafa biyu a sakar musu igiyar lantarki mai saurin kaɗawa, yawanci megahaz 27.12, sai robar ta yi zafi daga cikinta ta narke ta haɗe. Irin wannan haɗi ba ya yoyo, amma ba a kwance shi, kuma ƙananan shaguna ba su da na'urar. Idan tagar walda ta lalace, yanke ta ake yi a ɗinka sabuwa a gurbinta.

A manyan motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970 tagar tana jikin wani labule ne na daban, wanda aka kafe da ƙananan ƙusoshi a jikin bakan ƙarfen baya da kuma gefen jikin motar. Ana iya sauya labulen shi kaɗai, sai dai dole a fara ɗaye bayan babban rufin kafin a kai gare shi.

Gogewa, sauya taga, ko sauya rufi

Idan dusashewa ce kawai da ƙananan karce, man goge roba da tattausan ƙyalle suna dawo da hasken zuwa wani lokaci. Idan launin ya shiga jiki ko robar ta yi tauri, gogewa ɓata lokaci ne. Ana gwada ta da yatsa a rana mai ɗumi: lafiyayyar taga takan lotsa ta dawo, matacciya kuwa sai a ji ta kamar kwali. Liƙa salatif a kan tsaga yana tare ruwa na 'yan kwanaki, ba gyara ba ne.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko yadin zai ɗauki sabon ɗinki. Ana duba wuraren da yake gugar ƙarafan rufin, da layukan ɗinkin da rana ta cinye zarensu, da kuma ko ya tsuke har ya janye daga saman gilasan ƙofa. A motocin da sai an kwance rufin kafin a ɗinka taga, kuɗin aikin kwancewa da mayarwa ɗaya ne, ko tsohon rufi za a mayar ko sabo. Shi ya sa masu sana'ar kan shawarci mai motar da rufinta ya soma gajiya da ya sayi sabo gaba ɗaya. Masu tsofaffin motocin tarihi su ne kan ƙi wannan shawara, saboda rufin asali yana cikin abin da yake ɗaga darajar motar.

Sauya taga mai zif

BMW ta yi wa jerin motocinta na 3 masu buɗaɗɗen sama, samfuran E30 da E36, da kuma Z3, tsarin da ake sauya taga rufin yana kan mota. Zif ɗin ya zagaye tagar gaba ɗaya ta ciki, amma ba shi da abin ja, domin ba don buɗewar yau da kullum aka yi shi ba. Wani ɗan maƙalin ƙarfe ne yake riƙe bakinsa. Ana sassauta rufin daga gaba don yadin ya saki, a cire maƙalin, a raba haƙoran zif ɗin da hannu, tagar ta fito. Sabuwar takan zo da abin ja na aron lokaci. Ana daidaita tsakiyarta da tsakiyar rufin, a ja zif ɗin ya zagayo, a zare abin jan, a mayar da maƙali. Daga waje kuma ana tura bakin yadin ƙarƙashin gefen robar da ya kewaye tagar, a riƙe shi da gam.

A faɗe aikin kamar wasa, amma haƙori ɗaya ko biyu da aka tsallake a farawa sun isa su karkatar da tagar, sai an warware an sake. Mutum biyu ake so, ɗaya a ciki yana ja, ɗaya a waje yana riƙe. Wata matsalar ita ce idan an taɓa sauya rufin da na wani kamfani, haƙoran zif ɗinsa ba lallai su yi daidai da na tagar asali ba.

MX-5 ta farko tana da zif na gaske mai abin ja, wanda ya bi sama da gefuna biyu, domin a zuge tagar ta kwanta shimfiɗe kafin a sauke rufin. Wannan ya sa mutane da yawa suke zaton cire ta abu ne mai sauƙi. Gindinta kuwa a haɗe yake da wata magudanar ruwa ta roba da ta zagaye bayan kujeru, wadda jerin notuna da sandunan ƙarfe suka danne a jikin motar. Sai an ɗaga kafet an kwance waɗannan duka. Tsohuwar magudanar kan karye a wajen cirewa, kuma idan aka mayar da ita a tsage, ruwan da ya kamata ya bi bututu ya fita ƙarƙashin mota sai ya zuba cikin but.

Sauya taga ta ɗinki

Wannan aikin masu ɗinkin kujerun mota ne. Yawanci ana fara kwance yadin daga ƙarafansa, bayan an sa alama da alli a duk inda ya haɗu da baka ko gefen mota, domin ya koma daidai inda ya fito. Tagar tana cikin abin da yake riƙe jan rufin. Idan aka yanke ta aka cire, ramin da ta bari yakan saki ya canza siffa, kuma da wuya a sake dawo da shi. Saboda haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a cire tsohuwa sai an ɗinka sabuwa.

Ana shimfiɗa rufin a kan babban tebur, cikinsa yana kallon sama. Ana yanka sabon faifan ya ɗan fi tsohon faɗi, a ɗora shi a kansa, a riƙe shi da salatif mai gam fuska biyu. Ba a sa fil ko allurar riƙewa, domin duk hujin da aka yi wa robar ya zauna ke nan. Takardar kariyar da ta zo a jikin faifan ana barinta har ƙarshen aiki, a ɗaye bakinta kawai inda allura za ta bi. Sai a ɗinka a zagaye, ana bin tsohon layin ɗinki idan akwai shi. Bayan nan ne ake juya rufin, a huda tsakiyar tsohuwar robar, a bi ta da almakashi mai dakusasshen baki har kusa da ɗinkin, ana sa kwali tsakanin faifan biyu don kada tsini ya taɓa sabon. Wasu sukan ƙara layi na biyu na ɗinki bayan an kalmashe bakin yadin.

Keken ɗinkin gida ba ya wannan aiki da kyau. Ana amfani da babban keke mai ƙafar da take tafiya tare da kayan, saboda roba tana manne wa ƙafar keke ta yau da kullum ta sa saman ya riƙa ja baya. Ana buɗe tazarar ɗinkin ta kai milimita 4 zuwa 5, domin ɗinki mai matsi yana jera huji kusa da juna har robar ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Zaren auduga yana ruɓewa, na nailan kuma rana tana cinye shi. Zaren poliyesta mai jure rana ake so, ko na PTFE wanda kan fi yadin kansa daɗewa. Daga ƙarshe ana bin layin da ruwan gam mai toshe huji.

Masu gyara da kansu a gida wani lokaci sukan ɗinka tagar da hannu rufin yana kan mota, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje suna miƙa wa juna allura ta tsofaffin hujojin. Yana yiwuwa, amma yana cin yini guda ko fiye, kuma da wuya jan ya zo daidai ko'ina. Liƙawa da gam zalla ba tare da ɗinki ba takan saki, saboda man tausasawar da ke fita daga sabuwar robar yana narkar da gam iri-iri.

Idan an mayar da rufin, akan ga 'yan tattara a jikin tagar. Ana rufe shi a kulle, a ajiye motar a rana, ɗumi ya miƙar da su. Inda babu rana ana amfani da na'urar busar da gashi daga nesa-nesa. Na'urar zafi ta masu fenti tana iya narkar da robar ko ta bar mata tabo cikin daƙiƙoƙi. An saba barin rufin a rufe na wasu kwanaki kafin a fara sauke shi. Tagar da aka yanka ta yi kaɗan takan hana rufin kaiwa ga makullansa na gaba, ko ta riƙa jan ɗinkin har ya buɗe, wadda ta yi yawa kuma takan yi ciki ta riƙa kaɗawa a kan hanya.

Komawa gilashi

Kamfanonin da suke ɗinka rufin canji suna sayar da masu gilashi ga motoci da dama da asali roba gare su. Gilashi ba ya rawaya, ba ya karce da sauƙi, kuma ana sa masa wayoyin ɗumi masu kore raɓa. Sai dai ba ya lanƙwasuwa, don haka dole ya zama ƙarami yadda zai shige gurbin rufin a miƙe, abin da yake rage filin da direba yake gani. A MX-5 canjin bai da wahala sosai, tunda ƙarafan samfurin farko da na biyu sun yi kusa da juna. A Boxster kuwa, Porsche sai da ta ƙara baka na huɗu a ƙarafan rufin kafin ta sa gilashi. Gilashin da ake sa wa tsofaffin masu baka uku ƙarami ne, kuma yana rage sararin da makanike yake samu ya kai ga injin, wanda yake tsakiyar motar a ƙarƙashin wurin ajiye rufin.

Ƙa'idoji

Dokokin manyan kasuwannin mota suna ɗaukar tagar roba a matsayin gilashin kariya. A Amurka tana ƙarƙashin ƙa'idar tarayya mai lamba 205, kuma faifan da aka amince da shi yakan ɗauki tambarin DOT da alamar AS6 a kusurwa. A ƙasashen da suke bin ƙa'ida ta 43 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar Romawa IX ce alamar roba mai lanƙwasuwa. Masu yanka faifai sukan tsara yankan yadda tambarin zai fito a ƙasan tagar, domin a ƙasashe irin su Jamus masu binciken lafiyar mota suna duba shi.

Kulawa

Abin da ya fi ɓata sabuwar taga shi ne share ta a bushe. Ana fara kwarara mata ruwa ya tafi da ƙura, sannan a wanke da sabulu marar ƙarfi da tattausan ƙyalle. Ruwan goge gilashi mai amoniya, da fetur, da barasar tsaftace kaya, duk suna janye man tausasawar. Takardar goge hannu da burushin injin wankin mota suna karce ta, haka ma abin kankare ƙanƙara. Ba a naɗe rufin yana jiƙe ko da datti, ba a kuma barinsa a naɗe na makonni. Mutane da yawa suna sa tawul mai laushi a cikin karin idan za su sauke shi. Ajiye motar a inuwa ko a gareji ya fi kowane mai da ake shafawa tasiri.

A ƙasar Hausa

Motoci masu rufin yadi ba su da yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kuma 'yan kaɗan da ake gani yawanci tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka. Yanayin wurin yana gaggauta lalacewar tagar: zafin bazara yana korar man tausasawa, ƙurar hunturu kuma tana karce ta duk lokacin da aka share. Inda aka fi ganin irin wannan roba shi ne a jikin babur mai ƙafa uku, wanda ake kira Keke Napep ko A Daidaita Sahu a Kano. Rufinsa na tampol yana da 'yar tagar roba a baya, kuma da damina direbobi kan ƙara labulen gefe mai farar roba. Masu ɗinkin tampol da kujeru su ne suke sauya su, da keken ɗinki da almakashi, sai dai robar da suke sawa ta fi ta mota siranta.